Mun gano tabo, mun bar mata da takarda a hannu

Duba bakin mahaifa da ruwan khal, don gano tabon da kan iya zama sankara, ba shi da wuya. A jiƙa auduga da khal mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, a shafa, a jira minti ɗaya cif, a haska da fitila mai kyau. In farin tabo mai kauri ya fito, akwai abin bi. Wannan mun iya shi tun kafin mu fita karkara.

Inda muka yi ɓarna shi ne fitarmu ta farko ba mu tafi da abin magani ba. Duk wadda muka ga tabo, sai mu rubuta mata takarda zuwa babban asibiti. Ƙalilan ne suka je. Mace ba ta jin ciwon komai, ga nisa, ga kuɗin mota, ga yara, me zai kai ta? Lambar waya kuma ɗaya-ɗaya muka karɓa, wata a kashe, wata ta maƙwabci. Har yau rajistar na nan, layi bayan layi, gurbin sakamako fayau.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin a duba kashi 70 na mata, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da cutar magani. Mu burin farko kawai muka kalla.

Yanzu ba ma fita sai da na'urar ƙona tabo mai batir. Kan na'urar yakan kai zafin digiri 100, a ɗora daƙiƙa 20 zuwa 30, an gama a zama ɗaya. Ta fi mana na'urar da ke daskarar da tabo, don babu jigilar tukunyar gas. Amma in tabon ya rufe fiye da kashi 75 na bakin mahaifa, ko ya shige ciki, ko ya yi kama da sankara, ba a ƙonawa. Irin wannan mu muke sa mata ranar zuwa asibiti, mu karɓi lambar waya biyu, mu haɗa ta da ma'aikaciyar lafiyar yankin.

Wadda ta haura shekara 50 kuwa, khal yakan yaudare mu, don wurin da ake dubawa ya riga ya ja ciki. Gwajin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa, ya fi mata.

Wadda aka ƙona wa tabo kuma, kafin ta sauka daga gadon, a gaya mata za ta ga ruwa na zuba har kusan wata guda, ta ƙaurace wa saduwa mako huɗu, ta dawo bayan shekara. Ranar dawowar a katinta muke rubutawa, da a rajistarmu.