Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gadon da Ba a Raba a Gaban Alƙali

A makon jiya na tsaya ne a inda na karɓo takardar gwajin jinina, na zauna a benci ina jiran a kira ni. Daga nan zan ɗora.

Likitar ta daɗe tana duban takardar kafin ta ɗago kai, domin abin da ke rubuce bai yi kama da mutumin da ke zaune a gabanta ba. Ni siriri ne tun ina yaro, ba na shan taba, da ƙafa nake zuwa makarantar da nake koyarwa daga Gangare, kuma gwaten acca da ganye ne yawancin cimar gidana, tunda kayan lambu ba sa wuya a Jos. Duk da haka, nau'in kolestarol (wani irin kitse da ke yawo a cikin jini) da ake kira LDL, wanda yake taruwa a bangon jijiyoyin jini har ya toshe su, ya haura 6 a ma'aunin da suke aiki da shi, alhali likitoci sukan fara zargin gado da zarar na baligi ya kai 4.9. Ta ce in cire takalmi, ta shafa agarata, ta ji wani kauri da na daɗe ina ɗauka na yawan tafiya ne. Sai ta ce, "Malam, mahaifinka yana da rai?"

Na shaida mata cewa Baba ya rasu yana da shekara 48, ya faɗi ne a bakin shagonsa da ke Taminus yana dafe da ƙirji, kuma ƙanensa, Baffa, bai kai hamsin ba shi ma ya tafi ta wannan hanyar.

Ta jawo takarda ta zana mini hanta. Ta ce jiki ba ya rayuwa sai da kolestarol, kuma hanta ce take ƙera mafi yawansa, abinci ƙari yake yi. A jikin ƙwayoyin hanta akwai wasu 'yan ƙugiyoyi da suke kamo LDL daga jini su shigar da shi ciki. Umarnin ƙera su yana rubuce a wata ƙwayar halitta da kowa yake gadon guda biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan ɗayar ta zo da tangarɗa, kusan rabin ƙugiyoyin ne kawai suke aiki, sai LDL ya kusa ninkawa tun daga ranar haihuwa, har mutum ya kai shekara arba'in jijiyoyinsa sun ɗauki kayan da na tsoho suke ɗauka. Ta ce kusan mutum 1 cikin 250 a duniya haka aka haife shi, kuma galibinsu ba su sani ba.

Da na koma gida na yi ta karatu a kan lamarin. Likitoci biyu a birnin Dalas na Amurka, Michael Brown da Joseph Goldstein, su ne suka gano waɗannan ƙugiyoyi, aka ba su kyautar Nobel a 1985. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai binciken da aka wallafa a 2006 ne, wanda ya nuna cewa mutum 2 zuwa 3 cikin 100 na baƙaƙen fatar Amurka, jikokin mutanen nahiyarmu, suna ɗauke da wani sauyi a ƙwayar halittar da ake kira PCSK9. Aikinta shi ne samar da sinadarin da yake rushe ƙugiyoyin hanta, saboda haka wanda tasa ta raunana yana da ƙugiyoyi da yawa. An samu LDL ɗinsu ya yi ƙasa da kashi 28 cikin 100, haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya kuma ya ragu da kashi 88. Ashe bambancin halitta yana iya zama kariya kamar yadda yake iya zama jarrabawa, kuma mutum biyu za su ci daga akushi ɗaya shekara da shekaru, jinin kowa ya riƙe abincin ta hanyarsa. Wannan bai sa na raina sha'anin abinci ba, domin wanda ya gaji matsalar shi ya fi kowa buƙatar rage kitse, sai dai a irin halina kiyaye baki kaɗai ba ya wadatarwa.

An ɗora ni a kan maganin sitatin, wanda yake rage abin da hanta take ƙerawa, sai ita kuma ta ƙara fito da ƙugiyoyi ta kwashe na cikin jini. Bayan wata uku adadin ya sauko sosai.

Wurin Inna ne maganar ta fi nauyi. Tun ranar sadakar uku wasu daga dangin Baba suka ce man shanu da soye-soyenta ne suka toshe masa zuciya. Ba ta taɓa mayar da martani ba, amma daga ranar ba ta ƙara sa man shanu a tuwo ba, kuma na san fiye da shekara ashirin tana ɗauke da wannan magana. Na same ta bayan la'asar tana tsince wake, na durƙusa na yi mata bayani dalla-dalla, na ce, "Inna, da abin aka haifi Baba, kamar yadda aka haife ni da shi. Ba girkinki ba ne." Ta daɗe ba ta ce komai ba, hannunta yana cikin faifai. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kiran sunana, sai ta ce, "Kai, ajali na Allah ne, amma ka riƙe maganinka. Ka kuma tara mini ƙannenka."

Dalilin tara su a fili yake, domin duk ɗan da mai wannan gado ya haifa, mace ko namiji, rabi da rabi ne ya ɗauka ko ya tsira. Cikin ƙannena biyar, gwaji ya nuna biyu suna da shi. Na kai 'ya'yana su ma, tunda likitoci sukan fara ba yaro magani tsakanin shekara 8 zuwa 10 idan an tabbatar.

Ɗaya daga cikin biyun ita ce autarmu, wadda aka riga aka yi wa baiko da ɗan marigayi Baffa. Likitar ta gaya mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa idan miji da mata duka suna ɗauke da shi, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya gaji tangarɗar ta ɓangare biyu, kuma irin waɗannan yara sukan gamu da ciwon zuciya tun kafin su cika shekara ashirin idan ba a tashi tsaye da magani ba. Ban nemi a fasa auren ba, abin da na roƙa shi ne angon ya je a gwada jininsa kafin a sa rana. Gwaggo ce ta ƙulla wannan zumunci da hannunta, kuma babu mai iya gaya wa yaron sai da izininta, saboda haka ranar Asabar da sassafe na hau mota zuwa Bukuru da takardun gwajinmu a aljihu. Yadda muka kwashe da ita zan kawo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.