Abin da Gajeriyar Gitar Bas Ta Koya Mini a Yamai

Shekarun da na yi ina kaɗa gitar bas, wato gita mai kaurin murya, a bukukuwan aure a Yamai, ina kuma koya wa matasa kiɗa a ranakun da babu biki, sun sa ina ganin girman gajeriyar bas fiye da yadda yawancin abokan sana'ata suke gani. Tsawon da ake magana a kai shi ne na sashen tsirkiyar da ke rawa idan an taɓa ta, wato daga saman wuya zuwa jakin da ta hau a jikin gitar. A bas ɗin da aka saba da ita inci 34 ne, kimanin santimita 86, awon da mai ƙera gita Leo Fender ya ɗora gitarsa Precision Bass a kai a 1951, masu ƙera gita suka bi sahunsa. Gajeriyar kuwa inci 30 ce, kimanin santimita 76.

Hannu ne yake fara sanin wannan bambanci. Wuyan gitar yana da gaɓoɓi da ƙananan ƙarafa suka raba, inda yatsa ke danne tsirkiya. A doguwar bas, daga gaɓa ta farko zuwa ta huɗu akwai kusan santimita 13, a gajeriya kuwa bai kai 11 da rabi ba. A takarda abin kaɗan ne, amma wanda ya ga yaro ɗan shekara goma sha biyu ya dafe gaɓar farko da yatsan nuni, yana miƙa ƙaramin yatsansa har jijiyar bayan hannunsa ta tashi, kafaɗarsa ta karkace, ya san ba kaɗan ba ne. Wata ɗaliba ta taɓa ce mini, "Malam, ashe ba hannuna ne ya ƙi kiɗa ba," ranar da ta fara riƙe gajeriyar, domin yatsunta sun sauka inda ake so ba tare da ta ɗaga tafin hannu ba. Babba ma yana amfana, musamman a biki irin namu da ake tsayuwa tun bayan isha'i har dare ya raba, saboda hannun hagu ba ya miƙewa nesa da jiki, kuma yawancin waɗannan gitoci sun fi sauƙi a kafaɗa.

Sautin kuwa daga ɗaurin tsirkiya yake fitowa. Idan tsirkiyoyi biyu kaurinsu ɗaya, aka saita su a murya ɗaya, gajeriyar ba ta buƙatar a ja ta da ƙarfi kamar doguwar, kuma lissafi ya nuna ɗaurinta yana raguwa da kusan kashi 22 cikin ɗari. Shi ya sa take da laushi a ƙarƙashin yatsa, shi ya sa kuma muryarta take fita da kauri, siraran amon nan masu ƙarar ƙarfe da ke biyo bayan asalin sautin suna raguwa. Wannan laushi yana da nasa sharaɗi, kuma a tsirkiyar Mi, wadda ta fi kowacce kauri a bas mai tsirkiya huɗu, aka fi jin sa. Wanda ya saba fizgar doguwar bas da ƙarfi, idan ya kawo wannan hannu nan, tsirkiyar za ta riƙa dukan ƙarafan wuya, muryar ta ɗan haura sama kafin ta koma mazauninta. Abin da nake nuna wa ɗalibai shi ne su sassauta yatsa, su matso da hannun dama kusa da jaki inda tsirkiya ta fi tauri, su bar wa amfili, na'urar ƙara sauti, aikin ɗaga murya.

Inda na fi ganin darajar gajeriyar bas shi ne idan an haɗa ta da kayan kiɗanmu na gida. Mai ƙwarya yana sauke dunƙulen hannunsa ya fitar da "dum" mai zurfi, mai kalangu yana matse tsirkiyoyinsa a hammata yana hawa da sauka da murya, kuma dukansu bugunsu gajere ne, yana buƙatar fili a bayansa. Doguwar bas mai sababbin tsirkiyoyi tana jan amo, amon kuma yakan kwanta a kan bugun ƙwarya har mai rawa ya kasa rarrabe inda ƙafarsa za ta sauka. Gajeriyar, musamman idan an sa mata tsirkiyoyi masu santsin naɗi, tana yin kamar dattijon da ya faɗi maganarsa a zaure ya yi shiru don wani ya karɓa. Makaɗan kalangu da na yi aiki da su ba sa maganar inci ko santimita, abin da suke cewa kawai shi ne yau sun ji kansu.

Har yanzu akwai masu kallonta a matsayin gitar yara, alhali tarihinta bai nuna haka ba. Paul McCartney ya kaɗa Höfner 500/1 a ƙungiyar Beatles, Jack Bruce ya riƙe Gibson EB-3 a ƙungiyar Cream, kuma dukansu gajeru ne. Kamfanin Fender da kansa ya fitar da Mustang Bass mai inci 30 a 1966, Bill Wyman na Rolling Stones ya yi aiki da ita. Duk da haka ba na ba wa kowa shawarar ta. Mai son salon marin tsirkiya da babban yatsa, ko mai neman muryar Si ta ƙasa a bas mai tsirkiya biyar, doguwar ta fi yi masa, domin ɗaurinta ne yake ba da tsinin sautin da yake nema.

Wahalar da na fi sha ita ce ta tsirkiya, domin waɗanda na fi samu a gari na doguwar bas ne. Idan aka ɗaura su a gajeriya, sashen mai kauri yana naɗewa a kan ƙarfen murɗawa, kuma zaren cikin Mi yana iya tsinkewa a nan. Kafin a aika a sayo daga waje, wajibi ne a auna tsohuwar tsirkiya daga ƙullin gindinta zuwa saman wuya, saboda a Mustang tsirkiya ta cikin jikin gitar take ratsowa, a Höfner kuma maƙalinta yana can bayan jaki, dukansu suna buƙatar ƙarin tsawo. Sai kuma hunturu, lokacin da iska ke busar da katakon wuya har bakin ƙarafan ya fito yana kartar hannu. A wannan lokaci nakan duba miƙewar wuyan, in murɗa sandar ƙarfen da ke cikinsa kwata ɗaya kawai, in bar gitar ta kwana kafin in sake taɓawa, kuma idan Mi ta ci gaba da karkarwa sai in nemo wadda ta ɗan fi ta kauri.