Jini a firiza, tambaya a shafi ɗaya: abin da binciken kansar maƙoshi ya koya mini

Har yau in na tuna da takardar tambayoyin nan sai raina ya ɓaci. Shafi ɗaya ce tal. Ita aka haɗa da kowane samfurin jini da na tsoka da aka ɗiba daga masu kansar maƙoshi, wato bututun da abinci ke bi ya sauka ciki, kuma ita na gada da na fara aikin digirina na biyu. Samfuran kam an ba su haƙƙinsu: firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, lamba a jikin kowace kwalba. Amma takardar? Kana shan taba, eh ko a'a. Giya, eh ko a'a. Kana shan abu da zafi, eh ko a'a. Shi ke nan.

A lokacin ƙwayoyin gado ne suka ɗauke mini hankali, kuma da dalili. Akwai ALDH2: mutanen gabashin Asiya da yawa na ɗauke da wani nau'insa da ba ya iya kawar da gubar da giya ke rikiɗewa ta zama a jiki. Su ne fuskarsu ke yin ja da sun kurɓa, kuma in suka dage da sha, haɗarin wannan kansa a kansu ya fi na saura nesa. Akwai PLCE1 da aka gano alaƙarsa da wannan kansa a Sin a 2010. Akwai kuma wata cutar gado mai sa tafin hannu da na ƙafa su yi kanta, wadda aka ga alaƙarta da kansar a wasu iyalai na Liverpool tun 1958, sai a 2012 aka kama ƙwayar gado RHBDF2 da laifin. Duk wanda ya karanta waɗannan zai ɗauka amsar tana cikin kwalba, injin karanta DNA kawai take jira.

Sai ga binciken 2021. Cutar nan tana da wuraren da ta fi yi wa katutu: Golestan a Iran, yankin Linxian a Sin, da gabashin Afirka tun daga Habasha har Afirka ta Kudu. Masana suka karanta DNA ɗin ƙari 552 daga ƙasashe 8, har da Kenya, Malawi, Tanzaniya, Iran, Sin da Birtaniya. Guba kan bar sawunta a DNA, taba da nata, hasken rana da nasa, don haka aka sa ran ganin wani baƙon sawu a inda cutar ta yi yawa. Ba a gani ba. Ƙarin ɗan Malawi da na ɗan Birtaniya kusan zubinsu ɗaya.

Malamina ne ya turo mini rahoton wannan binciken da dare. Da safe ya ce, "Ka karanta?" Na ce, "Na karanta, Malam." Ya ce, "To koma ka duba yadda mutanenka suka rayu." Na koma, na tarar da eh ko a'a.

Ku dubi yadda aka yi tambayar zafin abin sha a Golestan, inda aka fara bin mutum sama da 50,000 tun 2004. Ba su tsaya ga abin da mutum ya faɗa ba. Shayi ake zubawa a kofi biyu, ɗaya nasa, ɗaya a tsoma ma'aunin zafi. In ya sauko digiri 75 a ce ya kurɓa, a tambaye shi ko haka ya saba sha. In ya ce ya yi zafi, a jira 70, sai 65, sai 60. Sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna masu shan mililita 700 ko fiye a rana, da zafin digiri 60 zuwa sama, haɗarinsu ya ɗara na saura da kusan kashi 90 cikin 100. Tun 2016 ma hukumar binciken kansa ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sa abin sha da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo kansa. Abin da masana da yawa ke tunani shi ne zafi ba ya karya DNA kai tsaye. Ƙona fatar ciki yake yi, ta warke, ya sake ƙona ta, har ƙwayoyin da dama sun gurɓata su sami filin yaɗuwa. In haka ne, ba zai bar sawu a kwalba ba. A bakin mutum kaɗai labarinsa yake.

Na ce bari in bi lambobin waya in cike giɓin. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Wahalar haɗiya ba ta bayyana sai bututun ya riga ya tsuke, shi ya sa yawanci a makare ake gano cutar. Kira bayan kira, ɗa ne ko mata ke ɗauka, su ce ai ya rasu. In yi ta'aziyya in ajiye. Jinin mutum na hannunmu, tambayar da za ta ba jinin ma'ana kuwa ba mai amsa ta kuma.

Ko da masu rai ma, tambayar a yadda take ba ta da amfani. Wani dattijo na zaune riƙe da kofin da yake tofa yawu, don yawun ma ba ya wucewa. Na ce, "Baba, kuna shan shayi da zafi?" Ya dube ni ya ce, "Yaro, ni da ruwa ke dawo mini?" Gaskiyarsa. In ka tambayi mara lafiya halinsa na yau, cutar ce ke amsa maka. Sai ka mayar da shi shekara goma ko ashirin baya. Ka tambayi minti nawa yakan jira tsakanin zubawa da kurɓa. Taba kara nawa, tun yaushe. Haƙora nawa suka zube kafin ciwon. Da me ake girki, hayaƙin yana cika ɗaki ko a'a. Sannan ka tambayi matarsa daban, don sau da yawa ta fi shi tunawa.

Wani abin haushin, wasu fayilolin "kansar maƙoshi" kawai aka rubuta, alhali cututtuka biyu ne. Ɗaya daga fatar da ta lulluɓe cikin bututun take tasowa, ita ce mafi yawa a duniya, ita ke tafiya da taba, giya da zafi. Ɗayar kuma can ƙasa kusa da ciki take, tana bin ƙwannafi mai daɗewa da ƙiba, ta hanyar sauyin fata da ake kira Barrett. Ka gwama su wuri ɗaya, lissafinka ya rushe. Duk fayil ɗin da babu nau'i dole na cire shi, kuma da yawa suka fita.

Takardar da muka sake tsarawa ta yi tsawo, ma'aikatan jinya na ta ƙorafin tana cin lokaci. Na yarda muka cire tambayoyi kan matakin karatu da wasu ƙananan abubuwa. Ta zafin abin sha kuwa na ƙi a taɓa, har na sa aka sayo ma'aunin zafi daga kuɗin da aka ware wa sinadaran gwaji.