Mako na tara: ashe matsakaicin zafi ne ke yaudarata

'Yan uwa masu koyon kwaikwayon ƙonewa a kwamfuta, ga inda aka kwana tun rubutuna na baya.

Kun tuna na ajiye OpenFOAM, manhajar kwaikwayon gudanar iska, na ɗan lokaci na koma Cantera, manhajar lissafin haɗuwar sinadarai, domin in fara gane wuta mai ci a natse kafin in tunkari wadda iska ke hautsinawa. Hakan ya yi rana. Da tsarin GRI-Mech 3.0, wato jerin matakan ƙonewar iskar gas, mai sinadarai 53 da matakan haɗuwa 325, na haɗa iskar metan da iska daidai gwargwado, sai harshen wutar ya ba ni gudun da bai kai santimita 40 a daƙiƙa ba, zafinsa kuma wajen Kelvin 2,220. Abin da ake tsammani ke nan. Ranar na yi barci da daɗi.

Sai na koma kan wutar Sandia D, wadda kusan kowa ke gwada hannunsa a kanta saboda an auna ta da kyau a ɗakin gwaji: bututu mai faɗin milimita 7.2, kashi 25 metan, kashi 75 iska, lambar Reynolds (ma'aunin yawan hargitsin iska) 22,400, ga ƙaramar wuta kewaye da bakin bututun tana riƙe da babbar kada ta mutu. Na shimfiɗa raga, wato na yanka filin wutar zuwa ƙananan gidaje, na kunna reactingFoam, ɓangaren OpenFOAM mai lissafin wuta, da ƙonewa mai mataki ɗaya tak don in rage wa na'urata nauyi. Wuta ta kama, har na fara murna. Da na ɗora sakamakon a kan ma'aunin gwaji, sai ga zafi ya wuce gona da iri. Rabin laifin na gane shi nan take: mataki ɗaya yana ɗauka cewa komai ya ƙone ƙurmus, bai san da iskar CO (kabon monoksaid) da haidirojin da ke saura a cikin wuta mai tsananin zafi ba.

Sauran rabin ne ya ci mini kwana huɗu. Kowane gida a ragata matsakaicin zafi kaɗai ya sani, shi nake zubawa cikin lissafin Arrhenius, wanda ke fitar da saurin ƙonewa daga zafi. Amma saurin ƙonewa ba ya bin zafi a miƙe, tsalle yake yi. Na ɗauki biro na gwada: a ce gida ɗaya yana kai-komo tsakanin Kelvin 1,000 da 2,000, rabi da rabi, na kuma zaɓi 20,000 a matsayin zafin tayar da haɗuwar, don misali kawai. In ka lissafa saurin a kowane ɓangare sannan ka raba biyu, abin da za ka samu ya ninka na Kelvin 1,500 kusan sau 14. Sau goma sha huɗu, a gida guda! Ku gwada da hannunku, minti biyar ya isa. Na sha karanta wannan batu, amma sai da na ga lambar da idona ya zauna mini.

Daga nan na fahimci abin da ya sa aka ƙirƙiro dabaru iri-iri. Magnussen da Hjertager a 1976 suka ce a bar saurin cakuɗuwa ya yi mulki, tunda sinadaran sun fi shi sauri. Norbert Peters kuma ya kalli wutar hargitsi a matsayin tarin siraran harsuna masu ci a natse, waɗanda iska ta lanƙwasa ta miƙar. Sai a lissafa su tun da wuri a adana a jadawali. Ni dai ta Peters ta fi kwanta mini, ko don Cantera ta riga ta saba mini da waɗannan ƙananan harsunan.

Wani ya tambaye ni me ya hana in warware kowace guguwa kai tsaye, in huta da kintace. Tsadar wannan hanya tana hawa ne kusan kamar lambar Reynolds sau kanta sau uku. Kwamfutata ba za ta ga ƙarshensa ba.

Gyara ɗaya ƙarami da ya taimaka: tsarin k-epsilon, wanda nake kintata hargitsin iska da shi, yana baza iskar da ke fita daga zagayayyen bututu fiye da kima, don haka na ɗaga ɗaya daga cikin lambobinsa, C1, daga 1.44 zuwa 1.6, wutar ta ƙara tsawo ta matso kusa da ma'auni.

Wannan makon zan gina jadawalin harsunan. Wanda ya riga ya yi, don Allah ya faɗa mini maki nawa ya sa a jadawalin kusa da 0.35 a ma'aunin cakuɗuwar abin da ke fita daga bututu da iskar waje, inda man da iska ke daidaita, domin a can nawa ke karkacewa.