Yadda na naɗi waƙoƙin wani tsohon mai jita a Meru

Aiki ne ya kai ni Kenya, sai abokin aikina ɗan Meru ya ishe ni da labarin wani dattijo a ƙauyensu mai waƙa da jitar katako, ba lantarki ba ganga, har na ce to mu je in naɗa. Daga Nairobi matatu, wato ƙaramar bas ta haya, muka hau ta Embu da Chuka, hanya duk kwana a gindin Dutsen Kenya, ko ina ayaba da gonakin shayi, ga motocin miraa, ganyen nan da ake taunawa, daga garin Maua suna wuce mu kamar za su tashi sama.

Ba ka isa kana zuwa ka zaro waya ka fara ɗauka ba. Sai da aka gaida manya, aka sha shayi, aka ji wa ya kawo ni kuma ina waƙar za ta je. Mutanen da har yau majalisar dattawansu ta Njuri Ncheke ke sasanta rigimar gona ai ba a yi musu gaggawa. Maganar kuɗi ma a nan muka gama ta, na tura ta M-Pesa, hanyarsu ta aika kuɗi a waya, tun kafin ya taɓa jitar.

Baba in ya ɗauki kofi hannu na rawa, amma da ya rungumi jitar shikenan, babban yatsa na riƙe da kiɗan sauran na tsinkar tsirkiya, ɗaya ma wayar birkin keke ce ya ɗaura. Da Kimeru, yaren mutanen Meru, yake yi, ni ko kalma ba na ji. Ya yi kirarire, waƙar daren kaciya, ya yi wata kan Mau Mau, masu yaƙi da Turawan mulkin mallaka a shekarun 1950, inda na tsinci sunan Mwariama, ɗaya daga cikin jagororinsu.

Wallahi kar ka kashe rikoda tsakanin waƙa da waƙa, nan ne yake faɗin wa aka yi wa habaici, waɗanne tsararraki da aka yi wa kaciya tare ake nufi, abokina da aka haifa a garin ma rabin abin sai da aka fassara masa. Kuma ka guji rufin kwano in hadari ya haɗo, don ƙarar ruwa a kansa za ta danne waƙar.

Na bar wa jikansa kwafi a memori. Tsofaffin kasusuwansa kuwa suna cikin akwatin ƙarfe duk sun yi fumfuna, har yanzu muna cigiyar rediyo mai kaset da ba zai cinye su ba.