Babi na bakwai ya miƙe bayan na rubuta shi sau shida

'Yan'uwa masu koyon rubuta wa yara ƙagaggen labari, jiya Alhamis da la'asar babi na bakwai ya miƙe, bayan wata huɗu ina kokawa da shi, kuma murnar da nake ciki ba ta bar ni na jira na kammala littafin kafin na ba ku labari ba. Ga waɗanda ba su bi mu tun farko ba, littafin babi goma ne, na nufe shi ga 'yan shekara 10 zuwa 14. Labarin wata yarinya ce, Talatu, wadda aka bar wa tsaron ragon layya ana saura kwana uku Babbar Sallah, ta tafi gidan ƙawarta, ragon ya tsere, ta ce ƙaninta Auta ne ya kwance igiyar, aka kuwa zane yaron a gaban idonta ba ta ce uffan ba. Babi na bakwai shi ne inda gaskiya take fitowa, kuma a nan ne duk abin da na gina yake rushewa duk lokacin da na karanta wa yara.

Tsarin da na yi wa kaina tun farko shi ne na gama rubutu, na yi gyara, sannan na gwada shi a kan yara, amma ban iya haƙurin hakan ba. Tun babi na tara yana cikin kaina na fara tara yara takwas a tsakar gidanmu a nan Zariya, 'ya'yan yayyena biyar da na maƙwabta uku, duk ranar Alhamis saboda babu Islamiyya. Daga nan rubutu da gyara da gwaji suka cakuɗe, har yau ban iya raba su ba.

Kuskuren farko ya ci mini kuɗi. Na kai shafi 46 wani shagon kwamfuta aka buga mini kwafi takwas a kan naira 50 kowane shafi, na biya naira 18,400 ban duba ba saboda ana kiran magariba, sai da na dawo gida na tarar duk haruffa masu ƙugiya sun zama ƙananan akwatuna, domin kwamfutar shagon ba ta da irin rubutun da na yi amfani da shi. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, a littafin da kusan kowane layi yana da ƙofa ko ɗaki ko ɓarawo. Mai shagon ya ce abin da na kawo shi ya buga, kuma da gaskiyarsa. Dare biyu na yi ina cike gurabun da biro, ina jin takaici kamar na yi kuka. Duk mai niyyar kai aikinsa shago ya mayar da shi PDF tukuna, ya kuma sa a buga shafi ɗaya ya gani da idonsa.

Amma wannan ƙaramar matsala ce idan aka kwatanta da alkunya. Yaron da aka yi wa tarbiyyar gidan Bahaushe ba zai dubi ƙanwar mahaifinsa ya ce mata aikinta bai yi kyau ba. Duk babin da na karanta, idan na tambaya, amsa ɗaya ce: "Ya yi daɗi, Gwaggo." Na yi tunanin idan na ba su takarda su rubuta ba tare da suna ba za su saki jiki, sai suka ɗauke ta jarrabawa. Shida daga cikin takwas sun fara da "darasin da na koya a wannan labari", biyu kuma sun rubuta mini cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, har ɗaya ya ja layi a ƙarƙashi da rula. Na karanta takardun nan na san cewa ba ra'ayinsu na samu ba, na samu abin da suke zaton babba yana son ji.

Jikinsu kuwa bai iya alkunya ba. A babi na uku, inda ragon yake ratsa kasuwa, babu mai motsi. A babi na bakwai, da zarar Kaka ta kira Talatu ɗakinta ta fara yi mata nasiha, sai ƙaramar cikinsu ta fara zare kabar tabarma, wani ya ce fitsari yake ji, ɗan maƙwabcinmu kuma ya ƙura wa ƙadangaren kan katanga ido kamar bai taɓa ganin irinsa ba. Na ga alamar, amma na yi mata mummunar fassara. Na ɗauka tsawon nasihar ne, na rage ta daga shafi biyu da rabi zuwa shafi ɗaya. Na ɗauka Kaka ce ba ta dace ba, na mayar da maganar bakin malamin Islamiyya, abin ya ƙara lalacewa. Na gwada mafarki, inda ragon da kansa yake yi wa Talatu magana, suka yi dariya a inda ban nufi dariya ba. Na gwada mahaifin ya gano gaskiyar ta bakin ƙawar. A karo na biyar na koma wa Kaka na ƙara mata karin magana, wai don maganarta ta yi armashi. Sau biyar ina sauya mai magana, ban taɓa tambayar kaina ko maganar ce ba a bukata ba, kuma a tsakiyar wannan lokaci na yi mako uku ban buɗe littafin ba don haushi.

Abin da ya warware mini ƙullin ba dabarata ba ce. Wata Alhamis hadari ya taso muka tashi da wuri, yaran suka ruga ɗakin mahaifiyata, wadda duk suke kira Inna, ni kuma ina kwashe shanya a bakin tagarta. Na ji ta ce, "Me Gwaggonku take karanta muku ne da har kuka daina zuwa matsa mini ƙafa?" Sai suka shiga ba ta labarin, suna katse juna. Tserewar ragon, wadda rabin shafi ce a wurina, sai da suka ja ta kusan minti biyar, har ɗan shekara 11 ya ƙara cewa ragon ya tunkuyi bokitin mai kunun zaƙi, abin da babu shi a rubutuna ko kaɗan (yanzu yana ciki, kuma ban ji kunyar ɗauka ba). Da suka iso babi na bakwai, ga duk abin da ya rage na wahalar wata huɗu: "Sai kakar ta yi ta magana, ta yi ta magana, sai Talatu ta yi kuka." Inna ta ce wace irin kaka ce wannan. Ƙaramar ta ce, "Ba irinki ba ce, Inna, ita shugabar makaranta ce." Ɗakin ya kaure da dariya, ni kuma na tsaya da zannuwa a hannu ruwa yana dukana.

Abu biyu na fahimta a bakin tagar nan. Na farko, tsakanin jika da kaka akwai wasa, babu alkunya, saboda haka abin da ba za su faɗa mini ba har abada sun faɗa mata cikin minti goma. Tun daga ranar na daina tambayarsu ra'ayi. Ina gama karatu nake tura su su ba Inna labarin, na zauna inda ba sa ganina da takarda, ina rubuta abin da suka tsawaita da abin da suka tsallake. Na biyu kuma ya fi ciwo: ni da na tashi a gidan da kaka take kiran jikanta namiji mijinta, mace kuma kishiyarta, na zauna na rubuta kakar da ba ta zolayar kowa, ba ta ɓoye wa kowa alewa a ƙarƙashin filo, aikinta kawai ta buɗe baki darasi ya zubo. Ban ɗauko ta daga gidanmu ba, na ɗauko ta daga littattafan da aka yi mana jarrabawa a kansu.

Sauran gyaran ya fito ne daga babbar cikinsu, 'yar yayana mai shekara 15, wadda na daɗe ina zaton zaman ladabi kawai take yi. Ita ta riga ta yi nisa a karatun labaran da ake sakewa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, a wayar mahaifiyarta, kuma da ta ga na ji abin da aka ce a ɗakin Inna ban yi fushi ba, sai ta saki baki. Ta ce a ganinta littattafan Hausa da suke isowa hannun sa'anninta iri biyu ne, na makaranta da ake haddacewa don cin jarrabawa, da na soyayya da ake karantawa a ɓoye, kuma ta yi zaton nawa zai zauna a tsakiya amma ya karkata ga na farko. Ta ƙirga mini karin magana tara a bakin Talatu, ta ce babu 'yar shekara 12 da take magana haka sai a muhawarar makaranta. Sannan ta yi tambayar da ta kashe mini jiki: "Gwaggo, wa aka doka? Auta ne fa. To me ya sa Kaka take ba haƙuri?" A duk rubutun nan biyar, Talatu tana tuba ne a gaban babba, yaron da ya sha bulala kuwa yana gefe kamar turmi.

Na yi ta tunanin inda muka gaji wannan hali. Ƙagaggen labarinmu na boko a aji aka haife shi, domin gasar rubuta labari da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a 1933 a Hukumar Talifi, a nan garin namu, an yi ta ne don a samu abin karantawa ga waɗanda suka koyi boko, kuma tun daga lokacin littafin yara da darasi suke tafiya tare. Ba na ganin laifin hakan. Abin da nake gani mun manta shi ne, a Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, aku yana ba da labaran ne ga ɗan sarkin da ya ɗaura niyyar bin mayaƙa, saboda haka duk labarin da bai riƙe shi ba, yaron zai tashi ya fita. Mai sauraron da zai iya tashi shi ne na rasa, domin nawa ladabi ya ɗaure su a tabarma.

A rubutu na shida Kaka ta san gaskiya tun ranar farko, domin ƙusar da aka ɗaure igiyar ta fi ƙarfin tsawon Auta ko ya yi ɗage. Ba ta tona ba, ba ta yi nasiha ba. Duk lokacin da Talatu ta gifta sai ta ce, "Kishiya, ashe mijin nawa ya yi tsawo ban sani ba," ta ci gaba da taunar goronta. Sau uku take faɗin haka a cikin babin, a karo na uku Talatu ta kasa haɗiye tuwo. Da dare, bayan an ɗauke wuta, ta tashi Auta daga barci ta gaya masa, cikin layi huɗu, babu karin magana ko ɗaya. Shi kuma bai yafe nan take ba. Ya ce sai ta faɗa wa Baba da bakinta, kuma soyayyen namanta na Sallah duk nasa ne, har da hanta.

Jiya da na karanta, babu wanda ya taɓa tabarma. A zolaya ta biyu ƙaramar ta rufe baki da hannu ta ce, "Ta sani! Wallahi ta sani!" Da Auta ya ambaci hanta suka fashe da dariya, a daidai inda na nufa, karo na farko a wannan babi. A ɗakin Inna kuwa sun maimaita maganar kishiya kalma da kalma, suna kwaikwayon muryar tsohuwa, har ta jefe su da mafici. Ba zan ɓoye muku ba, na shiga ɗakina na rufe ƙofa na yi 'yar rawa ni kaɗai.

Ba wai sun yarda da komai ba. Ƙananan suna so a zane Talatu kamar yadda aka zane Auta, don a yi adalci, ɗaya ma ya ƙirga cewa bulala shida ce. Babbar ta ce idan aka doke ta an sauƙaƙa mata, gara a bar ta da kunyar haɗa ido da mahaifinta, kuma na fi karkata ga ra'ayinta ko da yake ina tsoron 'yan shekara 10 za su ga kamar ta sha da sauƙi. Akwai kuma ɗan maƙwabcinmu, mai kallon ƙadangare, wanda ya ce tun babi na biyu ya gane labarin mata ne, kuma da Auta ne yake ba da labarin da ya fi. Na ji zafin maganar, amma na rubuta ta a bayan littafi, domin wataƙila ita ce littafi na biyu.

Matsalar da ke gabana yanzu ita ce babi na takwas zuwa na goma duk an gina su ne a kan tsohuwar Kaka mai nasiha, saboda haka shafi 14 sun tashi a banza, kuma kwafin nan takwas da na cike da biro sun zama na kunna gawayi. Wannan karon ba zan buga komai ba, daga waya zan karanta musu. Na yi musu alkawarin babi na takwas ranar Alhamis mai zuwa alhali ko layi ɗaya ban rubuta ba, Inna kuma ta aiko a gaya mini cewa tunda an mayar da ɗakinta ofis, daga yanzu ladanta goro biyar ne duk mako, kuma fari take so.