Ciyawar ruwan da ba ta son ure

A bayan gidana, kan hanyar Mirriya, ina da ramuka 14, kowanne zurfinsa bai wuce taƙi ɗaya ba, na shimfiɗe su da baƙar leda. Azola nake nomawa a ciki, wata ƴar ciyawa mai yawo bisa ruwa kamar kainuwa, sai dai ganyenta bai kai ƙwayar shinkafa ba. Masu kaji da masu kifi ke saye, su gauraya da dusa. Da asuba nake kwasa da rariya, in ɗauraye, in auna a bokiti. In yanayi ya yi mata daɗi, cikin kwana 3 zuwa 5 takan ninka kanta.

Shekarata ta farko na yi wauta. Na ga rami biyu sun yi ja, sai na ce yunwa ce, na watsa musu takin ure kamar yadda muke yi wa hatsi. Kafin mako ruwan ya koma kore shar, gansakuka ta taso ta shaƙe azolar, har warin taki ke tashi. Na kwashe na zubar, ga asarar ruwan da na saya wajen ƴan garuwa, kuma duk ɗan Damagaram ya san ruwa a nan ba abin wasa ba ne.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'a ya zo ya tarar da ni ina wanke leda. Ya ce, "Kawu, ka kai wa mai rijiya ruwa." Ya ɗauki ganye ɗaya a kan farcensa ya ce a cikinsa akwai ɗan kogo, kuma a kogon wasu ƙwayoyin halitta ke zaune, sunansu Anabaena, jere kamar carbi. Da hasken rana suke haɗa abincinsu. Su ne ke kamo azot, wanda mutanen Najeriya ke ce wa naitirojin, daga iska su ba ciyawar, wato abincin da ure ke ba shuka. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa azot ne, amma shuka ba ta iya cinsa haka nan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsiminsu. Sinadarin da suke aikin da shi, naitirojines, iskar oksijin na lalata shi, su kuma in suna aiki da rana oksijin suke fitarwa. To sai wasu daga cikin ƴaƴan carbin su yi kaurin bango, su bar fitar da oksijin, su koma kamun azot kaɗai, maƙwabta na ciyar da su da sukari. Aikin na cin ƙarfi sosai, shi ya sa ba sa yinsa a banza. Danginsu da ke zaman kansu a tafki, da sun sami amoniya, wani nau'in azot da suke iya ci kai tsaye, a ruwa sai su bar yin waɗannan ƴaƴa masu kaurin bango. Akwai ma wasu ƙwayoyin halitta na daban, jajaye, da ke kashe aikin cikin mintuna in duhu ya yi ko taki ya shigo, su kunna in an koma yadda ake. Na cikin azola sun fi haƙuri, ragewa suke yi. Amma ni ure ɗin da na zuba gansakuka na yi wa liyafa.

Jan da na gani kuwa, rana ce da ƙarancin fosfat, wani abincin shuka daban da azot. Yanzu ƴar ƙasa nake sawa a gindin rami, da ruwan kashin shanu kaɗan, da ɗan fosfat in ganye ya fara sauya launi. Ruwa mai kanwa ba na kusantarsa da su.

Bazara ce abokiyar gabata. Azola ta fi son zafi tsakanin digiri 20 da 30, mu kuwa a Afrilu da Mayu sai ya haura 40. Nakan yi rumfar zana, in rage ramuka zuwa biyar don kada iri ya ɓace. A lokacin ne wata hajiya mai kaji kan aiko yaronta da bokiti biyu, in cika ɗaya in ce, "Ka ce wa Hajiya ta yi haƙuri, sai ruwa ya sauka."